Sararin da Latifa Ta Ce Babu Kowa

Shekarar da mutanen Mubi suka kwararo Yola gudun hijira, Latifa jikar Kellumi tana karatun injiniya a jami'ar da ke Sangere. Wani yammaci a gidansu na unguwar Ajiya ta kafa eriya a kan rufi, ta zauna tana lissafin yadda muryar rediyo ke raunana a hanya. Wai in nisa ya ninka, ƙarfin sai ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

"Wa ke cinye sauran?" in ji Kellumi.

"Ba kowa, Kaka. Lissafin na sarari ne tsura, inda babu kowa."

Ta faɗa da ƙarfi, ana kiran magariba, ko bisimilla babu. Kafin a idar da salla dutse ya faɗo kan kwano.

Kwana uku ana jifa. A na huɗu muryar Latifa ta fara janyewa. Daga zaure ba a jin ta. Washegari sai an shigo ɗaki. Ran Juma'a Kellumi ta kai kunne har bakinta, abin da ta ji bai fi kukan sauro ba. Asibiti suka ce maƙogwaro lafiya lau.

Kellumi ba ta tsaya kuka ba. Ta ja mayafi, ta ɗauko Malam Najmuddeen daga Jimeta.

Ya yi ta karatu har inuwa ta cinye tsakar gida, kaji suka yi tsit. Sai yarinya ta tashi zaune, wata murya mai kauri ta fito daga bakinta, ta cika ɗakin.

"Mu ne ba kowa?"

"Ku su wane ne?" in ji Malam.

"Daga duwatsun Mubi bindiga ta taso mu. Kowa kun ba shi tabarma, masallaci da coci. Mu muka raɓe a iska. Yarinyar nan ta harbo mana abu da ƙarfenta ta tsakiyar iyali, kuma ta ce babu kowa."

"Me kuke so?"

"Muryar."

"Wannan ba taku ba ce. Ku ji tsoron Allah."

Kellumi ta matso. "Kai baƙo, a gidana ba a ƙwace. Ga ɗakin baya, ku sauka. Za a juya eriyar. Ku sakar mini jika."

Muryar ta amsa:

"Mun karɓa."

"Ku nawa ne?" in ji Kellumi.

"Ba mu gama isowa ba."

Latifa ta yi atishawa uku, ta zube. Da ta farfaɗo ta ce, "Kaka, ruwa," har maƙwabta suka ji.

Mutanen Mubi sun daɗe da komawa gida. Na ɗakin baya har yau ba su yi sallama ba.