Mushe a Rijiyar Malam Jibo

Ranar Talata da hantsi aka kira 'yan sandan komisariyar Agiye: an ciro gawar Malam Jibo daga rijiyar gidansa da ke bakin kwalta.

Sufeto Mudassir ya iske Habi, matar mamacin, zaune a ƙasa.

"Inna, me ya kai tsoho cikin rijiya?"

"Mushen tunkiya, karo na uku ke nan. 'Yan haya duk sun tashi, wai gidan na da iskoki. Na ce ya jira masu yasa, ya ce maƙwabta nan suke sha. Igiya ta tsinke."

Sufeto ya duba mushen. Tsaga biyu a kunnen hagu.

A kasuwar dabbobi wani makiyayi, Jaye, ya gane shaidar.

"Tawa ce, shekaranjiya ta mutu. Usaini ɗan Malam Jibo ya ce in bar masa, zai yar bayan gari."

Usaini ya rantse yana Maradi tun Lahadi. Amma masu shayi sun sha ganinsa a buro, wato ofishin Bilyaminu, dillalin da ke farautar gidaje masu araha ya gyara ya sayar.

"Ban taɓa taya gidan nan ba, ranka ya daɗe," in ji Bilyaminu da Sufeto ya same shi a buron.

Sufeto ya jawo aljihun tebur. Ga takardar cinikin gidan, an rubuta tun watan jiya, da sa hannun Usaini a wurin shaida. Na mai gida kaɗai ya rage.

Da aka haɗa su a tsakar gidan mamacin, Usaini ya durƙushe.

"Baba ya ƙi sayarwa. Bilyaminu ne ya ce in ɓata ruwan, gida ya yi baƙin jini, Baba ya gaji ya saki. Ya ce zai buɗe mini shago. Wallahi ban san Baba zai shiga da kansa ba."

Aka sa musu ankwa. Habi ta miƙe da ƙyar, ba ta dubi ɗanta ba.

"Ranka ya daɗe, ku bari ya yi wa ubansa salla."

Sufeto ya kwance shi, ya tsaya kusa da shi a sahu. Da liman ya sallame, Usaini da kansa ya miƙo hannuwansa biyu.