Takalmi a Bakin Ƙofa

Da tsakar rana aka kira ofishin 'yan sanda cewa an kashe mutum a gidan yini, inda marasa matsuguni da masu taɓin hankali ke zuwa su yi wanka, su ci abinci, su sha magani, yamma ta yi a rufe ƙofa kowa ya koma titi.

Kafin Sufeto ya isa har an yanke hukunci. Manajan gidan, wani gajere mai tashin ƙamshi, ya tare shi tun daga ƙofa.

"Ai mun kama shi, yallaɓai. Kafinta ne. Da safe suka yi faɗa da marigayin, ya bi shi ɗakin hutu ya danne shi da filo."

"Ka gani da idonka?"

"Sai na gani? Mahaukaci ne fa!"

Wannan kuwa daga bakin wanda ake biya albashi don ya hana a kira su haka. Ran Sufeto ya ɓaci.

Kafinta na zaune a benci, an ɗaure masa hannu da igiyar shanya. Dattijo ne, ya sha sabon aski, ga ƙullin kayansa a gefe. 'Yarsa na tsaye tana kuka. Ta daɗe tana roƙon mijinta, sai yau ya yarda su tafi da mahaifinta gida tunda ya samu sauƙi.

"Tun farko na gaya miki," in ji mijin, yana kaɗa mukullin mota. "Wannan zan kai cikin 'ya'yana?"

"Ka ɗan ba ni lokaci, malam," Sufeto ya ce.

"Ni ma ina da abin yi."

A ɗakin hutu gawar na kwance a kan sabon kafet. Rediyo ake ce wa marigayin, don bakinsa ba ya shiru. Babu alamar kokawa. Takalminsa na bakin ƙofa, an jera su tsaf.

Sufeto ya leƙa tsakar gida, inda wasu ke barci a inuwa. Kowa ya yi matashi da takalminsa, wata tsohuwa ma ta ɗaure nata a wuyan hannu. Wanda ya saba kwanan titi ba ya rabuwa da takalmi, don in ya farka ba zai gan shi ba.

Ya koma wurin Kafinta.

"Baba, me ya haɗa ku?"

"Cewa ya yi 'yata ba za ta tafi da ni ba. Na mare shi. Mari ɗaya, wallahi."

"Ya saba barin takalmi a bakin ƙofa?"

"Rediyo? Ko wanka da shi yake shiga."

To, wanda ya jera takalmin nan mai gida ne, mai ƙofar da ake kullewa. Sufeto ya nufi kicin.

"Me marigayin ya ci yau?" ya tambayi mai girki.

"Ko ruwa bai sha a hannuna ba," ta ce, idonta a kan tukunya.

A kan tebur an jera kofunan tangaran saboda baƙi masu ba da tallafi da ake jira da yamma. 'Yan gidan kuwa da kofin roba suke sha. Sufeto ya bi kofunan da yatsa, duk a bushe, sai ɗaya.

"Baƙin sun zo ne?"

"A'a."

"To wa ya sha a wannan har aka wanke? Ki yi tunani, Inna. A ofishinmu babu kujera mai laushi."

Ta ajiye ludayi, ta juyo.

"Manaja ne ya ce in haɗa shayi, ya ɗauka da kansa. Da ya dawo da kofin ya ce in wanke, in kuma kama bakina in ina son aikina."

Sufeto ya ɗauki takalmin, ya shiga ofis ya dire su a kan teburin Manaja.

"Likita zai duba cikinsa. Ka faɗa mini, ko ka jira ya faɗa."

Manaja ya yi ta share gumi, can dai ya saki.

"Barci kawai na so ya yi. Zuwan baƙin nan na baya, gaya musu ya yi muna kulle barguna da zarar an gama ɗaukar hoto. Na niƙa masa ƙwayoyi a shayi. Na ɗan ƙara ne, don jikinsa ya saba."

"Takalmin fa?"

"Jiya aka shimfiɗa kafet ɗin. Da ya faɗi, sai na ga zai ɓata shi, na cire masa."

Kai jama'a! Mutum na fitar da rai, shi ta kafet yake.

"Shi kuma dattijon da ka sa aka ɗaure?"

"Asibiti kawai za a kai shi. Me zai rasa? Ni ina da iyali."

"Kofur, sa masa ankwa," Sufeto ya ce wa ɗan sandan da ya rako shi.

Aka fito da shi, 'yan gidan suna kallo. Sufeto ya yi sauri bakin titi don ya yi wa 'yar Kafinta albishir. Babu mota. Maigadi ya ce tuni mijin ya figi hannunta, ya rantse in ta sake tako wurin nan a bakin aurenta.

Sufeto ya dawo wurin Kafinta, ya kwance igiyar da hannunsa.

"Ba ka da laifi, Baba. An kama wanda ya yi."

Kafinta ya murza wuyan hannunsa, ya dubi ƙofa.

"Ta tafi ko?"

Sufeto ya gyaɗa kai.

"Ashe gaskiya Rediyo ya faɗa. A banza na mare shi."

Ya sunkuya ya cire takalminsa, ya sa a ƙarƙashin kansa, ya kwanta a bencin yana fuskantar bango.