Zane Tara a Jikin Keken Kaka

A Unguwar Ya ta ƙasar Birnin Kudu akwai wani yaro ɗan aji biyar. Yana da ƙoƙari a makaranta, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Aibinsa ɗaya ne, gaggawa. In ya sa abu a gaba, kunnensa toshewa yake yi. Mahaifiyarsa takan ce ko kunu aka ba shi, sai ya ƙona harshe yake tunawa da fifitawa.

Da aka ba da dogon hutu na damina, mahaifinsa Malam Safiyanu ya kai shi Fagam ta ƙasar Gwaram, wurin kakansa Malam Haladu. Kaka ya tsufa. Idanunsa sun rufe shekara uku da suka wuce. Bara kuma matarsa, Inna A'i, ta rasu. Tun daga nan ya rage magana. Kullum yana zaure a kan buzu da carbi a hannu. Autarsa, Goggo Hidaya, ita ke kula da shi.

A mota Malam Safiyanu ya ce wa ɗansa, "Ba yawo na kawo ka ba. Ka ɗebe wa kakanka kewa. Rabona da jin dariyarsa tun Inna tana da rai."

Yaron ya ƙulla a ransa cewa ba zai bar Fagam ba sai Kaka ya yi dariya.

Ran kwana na uku Goggo ta aike shi ɗakin ajiya ya ɗauko tabarma. Can bayan buhunan gero ya ga wani keke a rataye. Bai taɓa ganin irinsa ba. Tayoyinsa sirara ne kamar kara. Ƙahonsa ya lanƙwasa ƙasa kamar na rago. Tsatsa ta cinye sarƙar, gizo-gizo ya yi gida a ƙarƙashin sirdi.

Ya ruga zaure ya tambaya. Kaka ya ce keken tsere ne. Ya saye shi a hannun wani malamin makaranta da zai bar Birnin Kudu, lokacin yana aikin yi wa shanu allura. Da shi ya zaga rugage ba iyaka. Ya ce in sun shiga rairayi, shi ke ɗaukar keken, ba keken ke ɗaukarsa ba. Da ya faɗi haka, gefen bakinsa ya ɗan motsa.

Yaron ya ga wannan motsin. Ya ce a ransa, ashe ga inda dariyar take.

"Kaka, ka ba ni in gyara shi."

"Kai da ko fitilar hannu ba ka iya sa wa batir ba?"

"Zan koya."

Kaka ya ce, "To, ka wanke, ka sa mai, ka gyara birki da taya. Amma duk abin da ka gani ba ka gane ba, kada ka taɓa sai ka tambaye ni. Kuma kullum da yamma ka dawo mini da shi."

Yaron ya ce to. Amma rabin maganar kawai ya ji.

Kusa da tasha akwai wani mai gyaran keke, Ɗan'azumi, a gindin darbejiya. Da ya ga keken sai da ya miƙe tsaye. Ya zagaya shi sau biyu, ya ce rabonsa da ganin irinsa tun yana koyon aiki. Ya yarda zai nuna wa yaron, amma yaron da hannunsa zai yi komai.

Aikin ba wasa ba ne. Ranar farko wani noti ya ƙi kuncewa. Yaron ya danna sifana da ƙarfi, ta zame, ya ɗaye yatsu biyu. Ɗan'azumi ya ɗiga wa notin kananzir, ya ce a bar shi ya kwana. Da safe ya kunce kamar ba shi ba.

Wata rana yaron ya buɗe cibiyar tayar baya ba tare da ya shimfiɗa tsumma ba. 'Yan ƙwayoyin ƙarfen da ke ciki, wato boris, suka watse cikin ƙasa. Kaji suka zo a guje, sun zaci dawa ce. Ya wuni a durƙushe yana tsinta, Ɗan'azumi yana ta ƙyalƙyala dariya.

A hankali abu ya fara kama hanya. Sarƙa ta sha kananzir, ta yi laushi. Aka sa sabuwar wayar birki. Taya irin tasa babu ita a Fagam, sai da mahaifin yaron ya nemo a Birnin Kudu ya aiko wani direba da ita.

Kullum da yamma yaron yakan turo keken zaure. Da safe, kafin ya fita da shi, Kaka yakan ce a matso masa da shi. Sai ya ɗora yatsa a kan dogon ƙarfen nan da ke tsakanin sirdi da ƙaho. Ya bi shi a hankali, leɓɓansa suna motsi. Yaron ya ɗauka ƙura yake dubawa.

Cikin mako biyu keke ya tashi. Yana tafiya sumul, ba ƙara. Abu ɗaya ya rage da ke ci wa yaron rai, wato fenti. Koren ya koɗe. A kan dogon ƙarfen kuma akwai wasu zane-zane masu zurfi, karkatattu, kamar an ƙarce da ƙusa. Ya ƙirga, guda tara. Huɗu daga ciki an gitta musu wani zanen.

Yaran tasha suka ce keken ya yi ƙazuwa. Maganar ta soke shi. Ya tambayi Ɗan'azumi yadda ake fenti.

Ɗan'azumi ya ce, "Tsohon fenti ba a taɓa shi sai mai shi ya ce. Shafa masa mai, ka goge da tsumma, shi ke nan."

Yaron ya tuna da sharaɗin Kaka. Ƙwarai kuwa ya tuna, kada wani ya ce mantawa ya yi. Amma ya ga in ya tambaya, ba za a yi mamaki ba. Sannan ya faɗa wa kansa wata magana marar daɗi. Ya ce ai Kaka ba ya gani, me zai sani game da zane?

Ranar kasuwa Ɗan'azumi ya tafi sayen kaya. Yaron ya ɗauki samfefa, takardar nan mai kaushi, ya hau guga. Zanen suka ƙi fita. Ya ɗauko magagari, abin goge ƙarfe. Ya goga, ya goga, har gumi ya jiƙa masa riga. Ɗaya bayan ɗaya suka ɓace. Ƙarfe ya yi santsi, yana ƙyalli.

Akwai ragowar jan fenti da aka shafa wa ƙofar gida. Ya kai keken bayan rumbu ya shafe shi tsaf. Kwana biyu yana ɓoye yana bushewa. Da Kaka ya tambaya, ya ce yana wurin Ɗan'azumi. Ƙarya ta hau kan laifi ke nan.

Ran na uku da safe ya turo shi zaure, yana washe baki. Goggo Hidaya tana tsaye da kwanon koko. Tana ganin keken, fuskarta ta canza.

"Kaka, taɓa ka ji. Ya zama sabo."

Kaka ya miƙa hannu. Yatsansa ya sauka a kan ƙarfen. Ya tafi har ƙarshe. Ya dawo. Ya sake tafiya. Ya laluba ƙasan ƙarfen, ya laluba gefe.

"Ina zanen?"

"Na goge su, Kaka. Su suka ɓata shi."

"Ka tambaye ni?"

Yaron ya ce a'a, murya can ƙasa.

Kaka ya janye hannunsa ya ɗora a cinya. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Hidaya, fitar da shi. Wannan ba kekena ba ne. In zai koma gida ya tafi da shi, na ba shi."

A tsakar gida Goggo ta zaunar da shi. Idanunta sun yi ja. Ta ce 'ya'ya tara Allah ya ba Kaka da Inna A'i. Inna ba ta iya rubutu ba. Duk haihuwa, washegarin suna, takan ɗauki ƙusa ta yi zane ɗaya a jikin keken, don duk inda Malam ya tafi ya tafi da 'ya'yansa. Huɗu sun rasu tun suna ƙanana. Su ne waɗanda ta gitta.

"Ba su da hoto," in ji Goggo. "Ba su da takarda. Kaburburansu ma sun baje tuntuni. Wannan zanen kaɗai ya rage. Kullum da safe addu'a yake bi yana yi musu. Kuma shi ne abu na ƙarshe da hannun Inna ya bari wanda yake iya taɓawa."

Da dukan yaron aka yi, da ya fi masa sauƙi.

Ya ruga wurin Ɗan'azumi ya roƙe shi ya mayar da zanen. Ɗan'azumi ya girgiza kai. Ya ce fenti ana iya kankare shi, amma abin da magagari ya ci ya ciwu.

Yaron ya dawo da ƙusa a hannu, ya durƙusa gaban Kaka. Ya ce ya tuna inda kowane zane yake, zai sake yi.

Kaka ya ce, "Hannunka ba hannun A'i ba ne."

Sauran kwanakin hutun sun yi ɗaci. In ya gaishe da Kaka, sai ya amsa da lafiya kawai. Da safe yaron yakan ga yatsan tsohon yana motsi a kan buzu, ba abin da zai bi. Ya zo ya sa shi dariya, ga shi ya ƙwace masa ɗan abin da ya rage masa.

Hutu ya ƙare. Aka ɗaure keken a kan mota zuwa Unguwar Ya. Abokansa suka kewaye shi suna yaba jan fenti. Kowa yana roƙon a ba shi ɗani. Shi kuwa ko sau ɗaya bai hau ba. Ya jingine shi a ɗaki ya rufa masa buhu.

A makaranta malamar ajinsu, Malama Zahara'u, ta lura mai yawan ɗaga hannu ya daina. Bayan an tashi ta tsayar da shi. Ya ba ta labari duka, bai rage ƙaryar da ya yi ba. Yana gamawa ya fashe da kuka.

Ba ta ce masa "ba komai" ba. Ta ce ya yi babban kuskure, kuma zanen ba zai dawo ba. Ta bari ya gama kukan, sannan ta tambaye shi.

"Su huɗun nan, ka san sunayensu?"

"A'a, Malama."

"Babanka fa?"

Ya ce bai sani ba. Ta buɗe jakarta ta ba shi sabon littafin rubutu. Ta ce ya je ya tambaya, tunda tambayar ce bai yi ba tun farko.

Da ya tambayi mahaifinsa, Malam Safiyanu ya daɗe yana tunani. Biyu kawai ya iya kawowa. Ya ce ba a cika zancensu a gida ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Kunya ta kama shi. Ya ce ranar Asabar za su Fagam tare.

Sun tarar da Kaka a zaure. Yaron ya durƙusa ya ce, "Kaka, na saɓa maganarka, kuma na yi maka ƙarya. Ka yafe mini. Ba zan iya mayar da zanen ba. Amma na zo da littafi. Ka faɗa mini sunayensu in rubuta."

Goggo ta fara juyawa za ta koma ciki.

Sai Kaka ya ce, "Rubuta Iliyasu. Shi ne na fari. Shekarar da fari ya kashe mana shanu aka haife shi."

Yaron ya rubuta.

Kaka ya ci gaba, ɗaya bayan ɗaya, masu rai da waɗanda suka tafi. Ya faɗi Ruƙayyatu, wadda ƙyanda ta ɗauke. Ya faɗi Sa'adiyya, wadda kwananta arba'in kacal a duniya. Malam Safiyanu bai taɓa jin sunanta ba, alhali ita yake bi.

Da aka zo kan Zulkifli, Kaka ya ce wannan ɗan rigima ne. Yana rarrafe ya shige akurki, ya kori kaza daga kan ƙwai ya zauna. Inna A'i ta zagaye unguwa tana nemansa tana kuka. Kaka bai kai ƙarshen labarin ba dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har hawaye suka zubo. Goggo tana dariya tana share ido da gefen mayafi.

Da aka gama, Kaka ya ce a karanta masa. Yaron ya miƙe ya karanta sunaye tara, a hankali, bai tsallake ko ɗaya ba.

Kaka ya lalubo kansa ya dafa. Ya ce, "Na yafe maka. Ka je ka hau kekenka. Shekara arba'in da ɗoriya ƙarfe yana riƙe mini da su, bai taɓa kiran sunan ko ɗaya ba. Yau na ji an kira su. Sake karantawa."

Yaron ya sake karantawa.

Daga ranar ya san cewa ba kowane tsohon tabo ne datti ba. Abin da ba ka san dalilinsa ba, kada ka goge shi sai ka tambayi mai shi. In kuma ka riga ka yi ɓarna, ka faɗi gaskiya, ka nemi gafara, ka gyara abin da zai gyaru.