Lemon Kwalba a Jakar Auta

A da, idan an tashi daga makaranta, Auta takan wuce shagon babanta. Baba tela ne. Yakan tsayar da keken ɗinki, ya fito da biskit da lemon kwalba mai sanyi. Ya kurɓa, ta kurɓa. Idan ya yi dariya tumbinsa na rawa, ita ma sai ta ƙyalƙyale.

A hankali ƙiba ta yi wa Baba yawa. Ko matakala ya hau, sai ya tsaya yana haki. Likita ya ce dole ya rage nauyi. Daga nan Mama ta hana lemo da biskit da soye-soye.

Shagon ya daina yi wa Auta daɗi. Tana kewar kwanakin baya. Sai ta fara ɓoyo lemo a jakarta kullum.

"Baba, ga namu," in ji ta. "Kar Mama ta ji."

"Auta, Auta! An fa hana ni."

"Ɗan kaɗan ne, Baba. Kamar da."

Baba ya kasa ce mata a'a.

Wata rana yana ɗauko bandir ɗin yadi, sai ya dafe ƙirji. Ya zauna a ƙasa, gumi na keto masa. Auta ta ruga ta kira Mama, aka kai shi asibiti.

"Nauyinsa ƙaruwa ya yi," in ji likita. "Jininsa ma ya hau."

"Ikon Allah!" Mama ta ce. "Ni da na ɓoye har gwangwanin sukari?"

Auta ta fashe da kuka. "Ni ce, Mama. Ni nake kai masa lemo."

Baba ya riƙo hannunta. "Ba laifinki ke kaɗai ba ne. Ni ne babba, kuma ni na sha."

Likita ya dubi Auta. "Idan aka cika miki jaka da duwatsu, za ki iya gudu?"

"A'a."

"To haka zuciyar Baba take. Idan jiki ya yi nauyi, aiki yana yi mata yawa, sai ta gaji."

Da Baba ya warke, Auta ta koma kai masa ruwa da 'ya'yan itace. Da yamma su rufe shago, su taka da ƙafa har gida, yana ba ta labarin ƙuruciyarsa.

Bayan wasu watanni, ta tarar da shi yana rage ƙugun wani wando.

"Na waye, Baba?"

"Nawa ne! Zamewa yake yi. Likita ma ya ce zuciyata ta samu sauƙi."

Auta ta rungume shi. Ta gane cewa idan kana son mutum, sai ka taimaka masa ya kula da lafiyarsa.