Hafsa Mai Koriyar Riga

Ƙarfe biyu na rana wani dattijo ya shigo ofishin 'yan sanda yana haki, ya ce an sace masa hafsan soja da dokinsa. Sufeto har ya miƙe zai sa a fito da mota, sai ya tambayi girman dokin.

"Bai kai ɗan yatsana ba," in ji dattijon.

Saura kaɗan Sufeto ya yi dariya, sai ya ga mutumin ba wasa yake ba. Ya ɗauki hularsa ya bi shi.

Mai Fenti ake ce wa dattijon. Shekara talatin yana shafa wa 'yan sojojin dalma fenti, irin waɗanda ake jerawa a kan tebur ana maimaita yaƙe-yaƙen dā da ɗan ludo da tef ɗin awo. A ɗakin aikinsa mahaya sittin ne a jere, kowanne da jar riga. A gabansu akwai gurbi ɗaya fayau.

"Baba, ina ka ajiye shi?"

Ya nuna wata kwalba. "A nan. Ruwan wanke fenti ne. Da safe na tsoma shi, na fita sayen jan fenti. Ina dawowa, babu shi."

"Me ya sa za ka wanke shi?"

Dattijon ya sunkuyar da kai. "Gyara zan yi masa. Gobe akwai wasa a kulob."

Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa taga ba. Ga hantsaki a ajiye kusa da kwalbar, a bushe ƙarau, amma ruwan ya ɗiɗɗiga daga bakin kwalba har ƙasa.

"Kai da me kake ciro su?"

"Da hantsaki mana. Ruwan nan yana cin fata. Ba ɗan sana'ar da zai tsoma hannu."

"Wa ya shigo nan a 'yan kwanakin nan?"

"Janar kaɗai. Abokin wasana."

Janar tela ne, ko bindigar wasa bai taɓa riƙewa ba. A teburin wasa ya samo sunan. Sufeto ya iske shi a kan keken ɗinki.

"Rabona da gidan, wata guda," in ji shi.

"Shi kuwa ya ce jiya."

Janar ya tsayar da keken. "To, na je. Ranka ya daɗe, magana kawai na faɗa. Rundunar nan jar riga take sawa, kowa ya sani. Sai ga kwamandansu da koriya kamar ganyen latas! Na ce wane makaho ne ya shafa wannan, 'yan kulob za su mutu da dariya."

"Me ya ce?"

"Juya mini baya kawai ya yi. Sai da na fito na tuna. Ɗansa, wanda ya rasu bara a haɗarin mota, ba ya bambance ja da kore. Ashe shi ya shafa shi." Ya share fuska da ƙyalle. "Wallahi ban iya cin abinci ba tun jiya."

Sufeto ya duba hannuwansa. Ban da alli, babu komai.

Da ya koma gidan, matar Mai Fenti tana zaune a falo, hannunta na dama a cikin mayafi.

"Mama, kin shiga ɗakin aiki yau?"

"Ni? Tun da yaron nan ya tafi ban leƙa ba."

Ta tashi ta kawo masa ruwa, da hannun hagu.

"Mama, ki yi haƙuri, zan ga ɗayan hannun."

Ta daɗe a tsaye kafin ta fito da shi. Yatsu uku sun yi jawur sun saɓule, ga kore a ƙarƙashin farce.

Mijin ya dafa bango. "Ke?"

"Ni ce." Ta ciro wani hankici a naɗe daga cikin mayafin. "Kullum in ka fita nakan shiga. Kai rigar kake gani. Ka taɓa juya dokin? Ranar da yaron nan ya shafa shi bai jira ya bushe ba, ka san shi da gaggawa. Zanen babban yatsansa ya fito a ƙasan cikin dokin, har da tabon wuƙar nan da ya yanke yana ƙarami. Nakan ɗora yatsana a kai in zauna. Yau na shiga, sai na gan shi a kwalba, fentin yana tashi."

"Ban sani ba," in ji dattijon. "Ni dai ba na so su yi masa dariya."

Ta miƙa wa Sufeto ƙunshin. "Ɗana, ku ne kuka san zanen yatsa. Ni na kasa buɗewa. Duba mini, yana nan?"

Sufeto ya ɗauki gilashin ƙara girma na Mai Fenti, ya warware hankicin, ya juya dokin. Fentin ya yi laushi a kwalba, ya sake bushewa. Akwai zanen yatsa, fes, a daidai wurin da ta faɗa. Ƙarami ne, kuma babu tabo. Da ta cafko shi, ta riƙe shi ne a inda ta saba riƙewa.

Shekara ashirin yana faɗa wa mutane abin da yatsa ya nuna. Yau ya buɗe baki, ya kasa.

Ta dubi fuskarsa, sannan ta dubi babban yatsanta, da koren da ya bushe a kai.

"Yatsana ne," ta ce. Ba tambaya ta yi ba.

Mai Fenti ya matso. "Sufeto, in da wanda za ka tafi da shi, ni ne."

Sufeto ya rufe littafinsa. "An samu kaya, Baba. Ba ni da wanda zan kama."

Dattijon ya kama matarsa a hannun da bai ƙone ba, ya ja ta a hankali zuwa ciki. Tana tafe tana ɗage da ɗayan hannun kada ya goga da komai.

"Bari in wanke miki fentin," in ji shi.

"A'a. Bar shi."

Sufeto ya shiga ɗakin aiki, ya tsayar da hafsan a gurbinsa, gaban mahaya sittin masu jar riga, sannan ya ja ƙofa.