Ƙafa ta Goma Sha Ɗaya

"Ki faɗa min gaskiya, Dalma... da gangan kika yi?"

Ko jakarta ba ta sauke ba ya tare ta da wannan magana. Ta tsaya a ƙofar ɗakin kiɗan tana kallon Kunne, mutumin da ta yi shekara biyu tana shan faɗan gida saboda shi, sai ta ji kamar an kwara mata ruwan sanyi.

A bayansa akwatin kiɗansa ne, cike da wayoyi ja da rawaya sun sarƙe kamar tsakar gidan masaƙa. A tsakiya ga ɗan allon da ta haɗa masa da hannunta, mai raba bugu. Aikinsa ɗaya ne: na'ura ta buga, shi kuma ya ƙirga ya raba, wannan fitila ta kama a kowane bugu na biyu, waccan a na huɗu, ta ƙarshe a na takwas, ganga da kuge kowa ya san lokacin shigarsa. Yau kuwa fitilun sai ƙifta suke yadda suka ga dama. Kunne ya kai hannu kusa da allon, bai ma taɓa ba, ƙirgen ya watse, kiɗan ya dawo kamar an zubar da kwanuka.

Kuma yau ne Baba zai zo.

Baba mai gyaran rediyo ne tun kafin a haife ta. Shi ya koya mata riƙe ƙarfen liƙi, shi ya sa mata suna Dalma don kullum hannunta ƙaurinta yake. Tun da ya ji wanda take so makaɗi ne ya ɗaure fuska tamau, ya ce bai raini 'ya don ya miƙa wa mai hayaniya ba. Da ƙyar da jiɓin goshi Inna ta shawo kansa ya yarda zai leƙa sau ɗaya ya ga ko sana'a ce. In ya ga shirme, maganar ta mutu, kuma kowa ya san Baba ba ya magana biyu.

Kunne ya kasa haɗa ido da ita. Cikin in-ina ya ce Bahago, ɗan baffanta da ke aiki a shagon Baba, shi ya kawo allon jiya da yamma. Da zai tafi ya dafa kafaɗarsa ya ce kada ya wahalar da kansa, yarinyar ta gaji, kunyar faɗa masa kawai take ji, ta fi son Baba ya kashe maganar da bakinsa.

"Kai kuma ka yarda."

"Ban yarda ba, rabin raina... amma kayanki bai taɓa yin haka ba."

"Ashe sunan naka ba na kiɗa kaɗai ba ne. Kowa ya kawo, ka ɗauka."

Zuciyarta tafasa take, hawaye na neman kunyata ta. Ta haɗiye su da ƙarfi. Kuka sai wanda ke da lokaci. Ta kashe wuta, ta zaro sukundireba, ta kwance allon ta kifa shi a tebur.

Ba ta kai ga dubawa ba aka yi sallama. Baba bai taɓa makara ba a rayuwarsa, yau ma sai da ya riga lokaci. Ga Bahago a bayansa riƙe da jakar kayan aiki, fuskar nan tasa kamar ta mutumin kirki.

Kunne ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi. Baba ya amsa a taƙaice, idonsa na kan tebur. Ya ce a jona masa ya gani. Dalma ta jona. Fitilun suka fara tafiya daidai, ɗaya bayan ɗaya, har ta fara sakin numfashi. Sai Baba ya miƙa tafin hannunsa a hankali ya ratsa saman allon, kamar mai jin zafin murhu.

Ƙirgen ya watse.

Bai tambayi kowa ba. A tsakiyar allon akwai aisi, ɗan baƙin abu mai ƙafafu goma sha shida, shi ne mai ƙirgen. Ƙafa ta goma sha ɗaya ita ke mayar da shi farko, kuma in ba a ɗaure ta da layin ƙasa ba, ko inuwar hannu ta ji sai ta ɗauka umarni ne. Wannan shi ne darasin farko da ya koya mata tana ƙarama: ba a barin ƙafar aisi a sake.

"Dalma, ƙafa kika bari?"

Muryarsa ba ta tashi ba, gara ma da ya yi tsawa. Bahago ya yi gyaran murya ya ce ai dama ya lura kwanan nan hankalinta ba ya kan aiki, soyayyar makaɗa haka take cinye mutum.

Ta san ta ɗaure ƙafar nan. Amma in ta ce wani ya taɓa, ɗan ƙanin Baba take nunawa da yatsa, ba hujja, a gaban baƙo. In ta yi shiru kuma, ta rasa Kunne, ta rasa mutuncin hannunta a idon mahaifinta. Ta ji ɗakin ya yi mata ƙunci.

"Baba, ta ɗaure."

Kunne ne, har yanzu yana durƙushe. Baba ya juyo ya dube shi sosai a karon farko, ya tambaye shi me ya sani game da aisi.

"Ban san komai ba, Baba. Amma ranar da ta haɗa shi ina zaune a bencin shagonku. In tana liƙi ƙirga ƙafafu take a hankali, kamar waƙa. Da ta zo ta goma sha ɗaya ta ce, ke zauna ƙasa, mai rigima. Na ji da kunnena. Tun ɗazu ya kamata in tuna, sai na tsaya sauraron abin da bai kamata ba."

Wani abu ya gifta a fuskar Baba. Kalmar tasa ce, da ita ya koya mata.

Ya zaro gilashin duba aiki daga aljihu, ya kifa allon ya sunkuya. Ya daɗe. Ga ɗigon dalma a gindin ƙafar, sumul, irin nata. Ga guntun waya ya leƙo daga ciki, an datse shi da filaya, bakin yankan ya karkata ta ɓangaren da mai hannun dama ba ya yanka, sai mai hannun hagu.

Baba ya ɗago. Bai kalli Bahago ba, hannu kawai ya miƙa ya karɓi jakarsa, ya ce masa ya je gida ya jira shi a wurin mahaifinsa. Bahago ya fara rantsuwa, Baba ya maimaita sau ɗaya, sai yaron ya fita sumui-sumui.

Ƙarfen liƙi ya yi zafi. Baba ya miƙa wa Dalma, ya ce wa Kunne ya riƙe mata allon. Tana liƙa sabuwar waya wani ɗigon dalma ya faɗo masa a babban yatsa. Ta ga jijiyar wuyansa ta miƙe, amma allon bai motsa ba sai da ta gama. Baba ma ya gani.

Aka jona. Baba ya ratsa hannu sau ɗaya, ya sake ratsawa. Fitilun ko a jikinsu. Ganga ta shiga, kuge ya biyo baya, can fitilun uku suka haɗu suka kama tare, suka sake rabuwa. Dalma ta saci kallon ƙasa ta ga yatsan ƙafar Baba na motsi a cikin takalmi.

Ya miƙe ya karkaɗe riga, ya ce hayaniya dai hayaniya ce, amma wannan tana da lissafi. Sai da ya kai ƙofa ya ƙara da cewa, ba tare da ya waiwayo ba, Kunne ya faɗa wa kawunsa ya zo, zai same shi a gida ranar hutu.

Suka rage su biyu. Kunne ya matso, yatsansa ya tashi ya yi bororo.

"Hasken idona, ki yafe min..."

Ta tsinci guntun wayar da aka datse a kan tebur, ta buɗe tafin hannunsa ta saka, ta naɗe yatsunsa a kai. Sai a lokacin hawayen suka samu hanya.

"Ka adana shi. Duk ranar da wani ya sake kawo maka magana a kaina, ka fara duba wannan kafin ka dube ni."