Balangun Suruki

Akushin ya wuce ta gefen kunnen Aina'u ya daki bango, miyar kuɓewa ta gangaro har ƙasa.

"Ni za ki kawo wa tuwo babu man shanu? Fursuna ne ni a gidana?"

"Baba, likita ya ce..."

"Likitan ne ya haife ki?"

Ta durƙusa tana kwashe tuwon dawar, hawaye na ɗiga a bayan hannunta. Tun rasuwar Innarta ita ke girkin gidan. Mahaifin nata, Malam Dabo, ya daɗe da ciwon suga, bara kuma zuciya ta kayar da shi a gonar gyaɗa. A asibiti aka ce kitse ya taru a jininsa yana toshe hanyoyin zuciya, mai suga kuma ya fi kowa shiga haɗarin. Aka ce ya riƙe wake, zogale, kuɓewa, gasasshen kifi da 'yar gyaɗa. Man shanu da kitsen nama kuwa, ya gaishe su daga nesa.

Malam Dabo ya ce ya ji. Mu da muka fara tara tumbi duk mun iya cewa mun ji, ciki ne dai ba ya halartar taron.

Abin da ya ɗaure wa Aina'u kai, kullum sai ya yi jifa da abinci, amma ko kaɗan bai rame ba.

Sauƙinta ɗaya Ikrima, ɗan mahautan Zakirai, wanda aka kusa sa musu rana. Duk ranar kasuwa bayan la'asar sai ya zo, ya fara shiga zaure ya gaida Baba, ya ɗan jima, sannan ya fito zance.

"Sanyin idona, yau ma kin yi kuka?"

"Hayaƙi ne."

"Hayaƙin nan naku har akushi yake jifa da shi?"

Sai ta yi dariya ba ta shirya ba.

Wata ranar kasuwa tana ciki tana sa kwalli ta ji ihu daga zaure. Ta fito da gudu babu takalmi. Baba na kwance dafe da ƙirji, gumi ya jiƙa masa riga. A gefensa takardar siminti ce buɗe, maiƙo ya huda ta, balangu ne zallar kitse. Ikrima na tsaye a kansa.

Yayanta Hashimu ya shigo daga gona da galma a kafaɗa. Kallo ɗaya ya yi wa takardar, ya juya ƙotar galmar ya sauke wa Ikrima a ka.

"Kai ne kake kashe mana uba! Kai ne!"

Jini ya wanke masa fuska. Bai rama ba, bai kuma gudu ba. Hashimu ya sake ɗagawa, Aina'u ta faɗa tsakani, ƙotar ta same ta a kafaɗa har ta ji hannun ya mutu.

"Yaya, ka bar shi! Mota za ka nemo... Baba ba ya numfashi sosai!"

Da aka wuce da Baba asibiti ta juyo kan Ikrima.

"Tun yaushe?"

"Tun bayan ƙaramar salla."

"Ina nan ina tsince wake, ina shan jifa, kai kana shigo masa da ajali ta zaure?"

"Shi ya ce in riƙa kawowa, Aina'u. Surukina ne... da wane bakin zan ce masa a'a?"

"To ka je ka auri kunyar taka! Kada in ƙara ganin ƙafarka a gidan nan."

Allah ya yi da sauran kwana, Baba ya dawo, ya rame, yana dogara sanda. Aina'u ta ci gaba da dafa wake da zogale, tana zuba wa tukunya hawaye fiye da gishiri.

Ranar kasuwa sai ga sallamar Ikrima, kansa naɗe da bandeji, da leda a hannu. Aina'u ta laɓe bayan ƙofar zaure. Ta rantse in ta ji ƙamshin nama, da taɓarya za ta fito.

"Ɗan albarka!" in ji Baba. "Miƙo, kafin masu gadin su gani."

Ya buɗe ledar. Wake ne da busasshen kifi.

"Mene ne wannan?"

"Abin da zan riƙa kawowa ke nan, Baba."

Sandar ta sauka a gadon bayansa. Ta sake sauka, wannan karon a ka.

"Ɗan mahauta da wake! Ka tashi ka kawo min nama, ko kuwa ba kai ba Aina'u!"

Ikrima na durƙushe, kansa a ƙasa.

"Baba, ka hana ni ita kana raye. Hakan ya fi min a kan a ba ni ita bayan an kai ka kushewa."

Sandar ta tsaya a sama, sannan ta sauko a hankali. Malam Dabo ya daɗe yana kallon jinin da ya sake ɓullowa ta bandejin.

"Ke mai laɓe, ina ganin ƙafarki. Zo ki ɗauki tsiyar nan ki dafa. Ki zuba har da mijinki, shi ma ya ɗanɗana abin da ya jawo."

Ta fito tana kuka tana dariya, ta durƙusa gefen Ikrima ta ɗauki ledar.

"Mai fasasshen kai," ta ce ƙasa-ƙasa, "sannu."

Ranar ɗaurin aure mahautan Zakirai suka kayar da sa guda, ƙauye ya ci nama, har karnuka sai da suka samu. Uban amarya na zaune a tsakiyar tabarma da kwanon wake da zogale, yana ci yana tsine wa likita, Hashimu da ango sun sa shi a tsakiya. Ya suɗe kwanon tas, ya tura wa ango.

"Je ka ce mata ta ƙaro. Ba don daɗi ba."